Ƙwaryar Ruwa a Hannun Hagu

A ƙarshen shekarar 1994, da aka rushe majalisa aka ce a sake zaɓen dapite, wato ƴan majalisa, ba za ka ƙirga mutum biyar a Tahoua da suka iya zama gaban ordinatar, wato kwamfuta, su tsara takarda ta fito kamar ta Yamai ba. Raƙiya tana cikin biyar ɗin, kuma ita kaɗai ce mace. Sakatariya ce a buro, wato ofis, na wani foroje, shirin gyaran fadamu. Forojen ya taɓa aika ta Yamai mako uku, wani Bature ya koya musu yadda ake shirya hoto da rubutu kafin a kai maɗaba'a. Ta dawo da littafi cike da dokoki, kowace ta ja mata layi da jan biro. Abin da aka faɗa wa mutum a ɗaki mai sanyin kilima ba kasafai yake tambayar dalilinsa ba. Raƙiya ma ba ta tambaya ba.

Kawunta Tanimu, da ake kira Mushe kamar kowane malamin makaranta, shi ya riƙe ta tun tana shekara shida, shi ya sa ta lakwal, makarantar boko. Shekara ashirin da takwas ya yi yana koyarwa a Takanamat da Bambeye da Barmou, sai ga jam'iyya ta sa sunansa cikin masu neman kujera. Shekarar ba ta da daɗi. Darajar kuɗin sefa ta karye, albashi sai an manta da shi yake zuwa. Tsoffin ɗalibansa suka haɗa abin da ya samu, ya isa a buga afishi, hotunan liƙawa a bango, dubu uku a Sakkwato, bugu ɗaya tak. Wa zai tsara? Ai ga ɗiyar gida.

Ba a yi gardamar hoton da za a sa ba. Shekara uku Tanimu ya yi yana zirga-zirga daga buro zuwa buro har aka gina rijiyar siminti a garin surukinsa, Tsoho Attaher, gaba da Barmou kaɗan. Ranar da ruwa ya fito, shi ya ja gugan farko, ya zuba a ƙwarya, ya durƙusa ya miƙa wa tsohon da dama, igiyar guga tana hagunsa. Mai hoto yana wurin. Duk wanda ya san gidan ya san nauyin wannan ƙwarya. Attaher ya ba shi ɗiyarsa Tanna, amma bai taɓa sakin fuska da shi ba. Cewa yake ɗan lakwal ba ya da ladabi, yana cin tuwo da cokali, yana gaida manya a tsaye. Shekara ashirin da huɗu tsakaninsu sai gaisuwa ta bayan zana. Ruwan nan ne ya wanke.

Raƙiya ta yi aikin kamar mai kitson amarya. Bayan an tashi daga buro take zama, in kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba. Ta shigar da hoton cikin na'ura, ta ƙara wa fuskokin haske, don ta san injin bugu yana mai da baƙin mutum gawayi. Ta bar faɗin yatsa a kowane gefe saboda wuƙar yanka kada ta ci suna. Ta raba aikin gida biyu, baƙi dabam, launin jam'iyya dabam, kowane a kan takarda mai shara-shara da ake kira kalki, da ƴan alamun gicciye a kusurwoyi don su hau kan juna daidai. Sunan Kawu da alamar jam'iyya ta jera su a dama.

Sai ta lura Kawu a hoton hagu yake kallo, ya ba sunansa baya. Doka ta bakwai a littafinta ta ce fuska ta dubi rubutu, kada ta dubi waje, in ba haka ba idon mai karatu zai bi ta ya fice daga takarda. Maganin ma yana rubuce a ƙasa: a juya hoton. Ta danna sau ɗaya. Kawu ya waiwayo ya dubi sunansa. Ta ji daɗi har ta yi wa kanta murmushi.

A Sakkwato, tsohon da ke kula da injin ya ɗaga kalkin ya duba a hasken ƙofa, tabaransa ɗaure da zare. Ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, malamin nan bahago ne?"

Injin yana ta ƙugi, ga mota tana jiranta zuwa Ƙonni. Ta ɗauka irin tsokanar nan ce da Sakkwatawa ke yi wa Adarawa, mutanen ƙasar Tahoua.

"Baba, ka dai kula mini da launi," ta ce, ta sa hannu a bayan gwajin farko.

Kwana shida da dawowarta, afishin sun hau bango daga Tahoua har Takanamat. Ciɗo, wanda ke jan ragamar kamfen, ya bi kasuwanni da bokitin ƙullu yana liƙawa. Ranar Laraba da azahar Raƙiya ta biya gidan Kawu, ta tanadi irin amsar da za ta ba masu yabo.

Zauren cike yake da maza, amma kamar ana zaman makoki. Ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ta wuce cikin gida ta tarar da Tanna a kan tabarma, ga ƙunshin tufafi ɗaure a gefenta.

"Inna, tafiya za ki yi?"

"Baba ya aiko in zo gida in huta."

Raƙiya ta tsaya cak. Macen da ta yi shekara ashirin da huɗu a ɗakinta, in ubanta ya aiko ta zo ta huta, kowa ya san ba gajiya ake nufi ba.

Tanna ta jawo afishi ɗaya daga ƙarƙashin tabarma ta shimfiɗa. "Duba."

Ta duba. Launi ya zauna, suna bai yanke ba, fuskoki sun fito tas. "Inna, ban ga komi ba."

"Ku masu karatu ke nan. Bar rubutun. Da wane hannu Mushe yake ba ubana ruwa?"

Raƙiya ta sake dubawa. Ta ɗaga hannunta na dama, ta juya jikinta yadda Kawu ya juya a hoton, hannun bai yi daidai ba. Ta ɗaga ɗayan. Ta zauna a ƙasa ba ta san ta zauna ba. Ga Kawu durƙushe gaban surukinsa yana miƙa masa ruwan sha da hagu, hannun tsarki. Ga tsohon shi ma ya miƙo hagu yana karɓa. Ta kalli hoton nan ya fi sau ɗari a gilashin ordinatar, tana auna haske, tana auna gefe, ba ta taɓa kallon hannu ba.

"A kasuwar Barmou har sun raɗa mishi suna," in ji Tanna, muryarta a kwance. "Mushe Bahago. Suna cewa tun bai hau kujera ba ya ba surukinshi ruwa da hagu, in ya hau sai da ƙahwa. Waɗanda sunka tsaya a wurin ran nan ma sun fara cewa ba su tuna da kyau ba. Hoto ai ba ya ƙarya, in ji su."

Daga zaure muryar Ciɗo ta taso. Raƙiya ta miƙe da ƙyar ta je ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yawwa, ga Madam Ordinatar," in ji Ciɗo. "Zo ki shaida. Aikin Sakkwatawa ne, Mushe. Ƴan adawa sunka bi bayanta sunka saye mai injin, ya kihe takardar. Na samu mota, mu huɗu za mu tahi gobe. In bai hwaɗi wanda ya aike shi ba, injin nan ba ya sake tashi."

Mazan suka gyaɗa kai. Kawu yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe, ya ƙura wa ƙasa ido. Ba wanda ya dubi Raƙiya da zargi. Shiru kawai za ta yi, maganar ta tsallake iyaka ta tafi can inda ba a san ta ba. Sai tabarau mai zare ya faɗo mata a rai, da tambayar da ta ƙi saurara.

"Da ya kife takardar," ta ce, "da rubutun ma ya juya. Hoto da suna a kalki ɗaya suke."

Ciɗo ya dubi afishin da ke hannunsa. Sunan yana nan daidai.

"To wa ya juya?"

"Ni."

Kawu ya cire tabaransa a hankali.

"Hannunki ne ya goce, ɗiyata? Na'ura ce, ana kuskure."

"A'a, Kawu. Da niyya na yi. Doka ce anka koya muna. Fuska ta dubi rubutu."

"Doka," in ji Kawu. Ya maimaita kalmar kamar bai taɓa jin ta ba, shi da ya yi shekara ashirin da takwas yana zare alli daga hagun yara yana mayar musu a dama. "Kuma ni na riƙe takardar nan a hannuna, na karanta sunana sau biyu, na ce ta yi kyau."

Ciɗo ya buɗe baki, ya rasa wanda zai zaga, ya rufe.

Washegari da hantsi motar da aka samo don Sakkwato ta ɗauki hanyar Barmou. Tanna tana gaba da ƙunshinta a cinya, don ba a ƙin kiran uba. Raƙiya tana baya da abu uku: hoton asali, afishi ɗaya, da madubin da ta ciro daga bangon ɗakin Tanna. Kawu yana gefenta. Da suka ratsa Barmou ta ga aikinta a bangon wani shago, wani ya zagaye hannun da gawayi. Mata biyu masu tallan fura suna tsaye gabansa, ɗaya tana kwaikwayon durƙuson tana miƙa ludayi da hagu. Raƙiya ta sunkuyar da kai har suka fita gari.

A bakin rijiya Kawu ya ce a tsaya. "Nan zan jira. Ba ni da fuskar shiga."

Tsoho Attaher yana ƙarƙashin rumfa yana tufkar igiya. Tanna ta gaishe shi ta shige wurin mata. Tun Raƙiya tana ƙarama, in ta zo hutu, amaryata yake kiranta, yana cewa ya gaji da jira, za a kai kuɗin wata. Yau ya amsa gaisuwarta kamar ta baƙuwa, bai ɗaga kai ba.

Ta durƙusa ta ajiye hoton asali a gabansa.

"Wannan na san shi," ya ce. "Ran nan na sha ruwa."

Ta shimfiɗa afishin, ta tsai da madubi a gefensa. "Kaka, duba cikin madubi. Ka ga dama ta koma dama? Hoto ɗaya ne. Kawu bai taɓa ba ka ruwa da hagu ba. Ni na juya shi a na'ura."

Tsohon ya leƙa madubin kaɗan, ya ture shi da bayan hannu.

"Mai da wa Tanna abinta. Kin ɗauko madubi tun daga Tahoua ki gwada mini abin da na gani tun ran farko?"

Ya ɗaga hannunsa na dama. Yatsa huɗu ne. Ta san haka tun tana yarinya, ta dai daina gani.

"Igiyar tsohuwar rijiya ta cinye wannan, ina saurayi, gaba arba'in muke ja. Da hannun nan na karɓi ƙwarya. A takardarku hannu mai yatsa huɗu ya koma hagu. Ko yatsa yana ƙaura?"

Raƙiya ta dubi afishin. Yatsu huɗu a bakin ƙwarya. Ita da ta ƙara musu haske da kanta.

"To, Kaka, tunda ka sani..."

"Na sani. Mutanen garin nan sun sani. A Takanamat wa ya ƙirga yatsuna? A Bambeye fa? Can abin da sunka gani, Attaher ya tsufa ya lalace, surukinshi ya ba shi ruwa da hagu, ya karɓa da hagu yana washe baki. Ni ma kun sa ni ciki." Ya ajiye igiyar. "Abin da ya hana ni barci ba shi ne ba. Gida cike da masu tabarau, an juya uban matar gidan awa waina a tanda, ba wanda ya gani. Sai na ce ɗiyata ta zo, kada wata rana a juya ta ita ma a ce ba a lura ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Hwaɗa mini. Mi na yi miki?"

"Ba komi, Kaka. An koya muna fuskar mutum ta dubi rubutu. Kawu ya ba sunanshi baya, shi ne na juyo shi."

"Ni yake kallo. Ni yake ba ruwa." Tsohon ya karkata kai. "Rubutun nan, a garuruwan da kunka liƙa, mutum nawa ke karanta shi?"

"Kaɗan ne."

"Hoton fa?"

"Kowa."

"To shi rubutun, kafe shi anka yi da ƙusa? Mi ya hana ki ɗauke shi ki kai gefen da mutumin yake kallo, ki bar mutane yadda Allah ya aje su?"

Raƙiya ta sake duban afishin. Aikin minti biyu ne. A ja suna da alama a kai hagu, shi ke nan, doka ta cika, hannu bai motsa ba. Mako uku a Yamai, kwana tara gaban na'ura, tafiya Sakkwato da dawowa, bai taɓa zo mata ba, saboda a littafin an rubuta a juya hoto, ba a rubuta a juya rubutu ba. Ta ji kunya ta rufe ta har wuya, irin wadda ba ta barin hawaye ma su fito.

"Ban yi tunaninshi ba, Kaka."

"Na ga alama." Ya daɗe yana kallonta. "Wa ya aiko ki? Shi?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ciɗo ya so su tahi Sakkwato su kama mai injin. Shi kuwa mai injin har ya tambaye ni ko Kawu bahago ne, ban saurara ba."

"Ashe akwai mai ido a cikin sana'ar." Ya ɗauki hoton asali ya sa a aljihun rigarsa, bai nemi izini ba. "Takardun nan, ke kinka sa su, ke za ki ɓamɓare su. Kasuwa-kasuwa. In an tambaye ki, ki hwaɗi abin da kinka hwaɗa mini."

"To, Kaka."

"Ina shi?"

"Yana bakin rijiya."

"Tun ɗazu? Cikin ranar nan?" Ya jawo sandarsa ya dogara ya miƙe. "Mu je. Ƙishirwa nike ji."

La'asar ta kawo jiki, lokacin ɗiban ruwa. Mata sun cika bakin rijiya da tuluna, ga Buzaye biyu suna shayar da raƙuma a kwami. Da suka hango tsohon tafe, hira ta mutu. Kawu ya miƙe daga gindin gawo, ya cire takalmi, ya rasa inda zai sa ido.

Attaher ya zauna a bakin simintin. Bai gaishe shi ba. Cewa ya yi, yadda kowa zai ji, "Tanimu, ba ni ruwa."

Shekara ashirin da huɗu bai taɓa kiran sunansa ba. Kawu ya karɓi guga daga hannun wata mata ya zura. Da ya cika ƙwarya sai ya saki igiyar gaba ɗaya, guga ya koma rijiya da ƙara, mai shi ta bi shi da kallo. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Raƙiya ta samu kanta tana ƙirga yatsu a bakin ƙwarya, goma na Kawu, huɗu na tsohon.

Ya sha, ya sha, ya zubar da sauran a gindin sandarsa. Sa'an nan ya waiwayo.

"Amarya, kin gani da kyau? Wannan karon ki bar mu yadda kinka same mu."

Matan suka yi dariya, ba mai yawa ba. Ya aika a ce wa Tanna kada ta kwance ƙunshinta, mota ba ta jira.

A hanyar komawa suka tsaya a Barmou. Raƙiya ta ari wuƙa wurin mai tsire ta nufi bangon shagon. Ƙullun Ciɗo ya kama sosai, takardar tana fita ƙanana-ƙanana. Masu tallan fura suka matso suna kallo.

"Ɗiyar Mushe, mi kike yi?"

"Gyara nike. Ni na ɓata."

Ta fara ba su labari tana kankara. Saura afishi dubu biyu da ɗari tara da casa'in da tara.